Tsibirin Bayan Bukuru

Rumasa'u ta zo min da hoto a waya,
wani tsibiri can a bakin duniya,
yashi fari kamar garin da aka tankaɗe,
tantuna a jere, jirage na lilo bisa ruwa.
Ta ce, “Baba, yaushe?”
Na auna albashi da kuɗin makaranta,
na ce, “Asabar mai zuwa.”

Ban yi ƙarya ba, ban kuma cika gaskiya ba.
Asabar muka sauka a bayan Bukuru,
muka ratsa shingen ƙerana da gonakin kabeji,
ni da tantin aro mai faci uku,
ita da tukunya da bargo, tana tsalle bisa tsakuwa.

Ga shi nan, tsohon ramin kuza,
damina saba'in ta cika shi har baki,
kore shar, shiru, ko motsi ba ya yi.
A tsakiyarsa tulin ƙasar da aka tono aka manta,
itatuwan turare biyar sun tsiro a kai,
balbelu sun mai da su unguwa.

Ta dube ni. “Wannan ne tekun?”
Chollom mai kwale-kwale ya riga ni amsawa:
“Ƙaninsa ne, autansu,
an baro shi kan tudu, ya kasa komawa.”

Ya ɗaura mata rigar kariya, ta sauko har gwiwa.
Filafili ya shiga, ya fita,
gaɓa ta soma ja da baya kamar mai jin kunya.
Ta tsoma yatsa, ta lasa, ta ce, “Babu gishiri.”
Na ce, “Akwai, nutsewa ya yi.
Kakanki Tanimu ne ya zuba shi nan daga goshinsa,
shekara goma sha tara da kwano a ka,
sauka da hawa, sauka da hawa,
har tari ya sallame shi ba tare da sallama ba.”
Ba ta ce komai ba.
Ta dai bar hannun a ciki, kamar mai gaisuwa.

Taku arba'in ne tsibirin, ta ƙirga.
Turke ɗaya ya ƙi shiga, muka danne da dutse.
Chollom ya bar mana karfasa uku da alkawarin safiya.
Dankali ya ƙone ta gefe guda, muka ci a haka,
sanyin Jos ya zo ya zauna tsakaninmu
bai jira an ce masa bisimilla ba.
Fitilun gari na rawa a ruwa,
kwaɗi suka ɗauki karatu ba malami,
muka yi isha'i bisa bargo, goshi na taɓa ciyawa.

Can tsakar dare ta girgiza ni:
“Baba, ji igiyar ruwa!”
Na kasa kunne.
Iska ce kawai a ganyen turare,
tana zuwa, tana komawa.
Na ce, “Na ji.”
Ni ma ban taɓa ganin teku ba,
wa ya ba ni ikon gyarawa?

Da asuba hazo ya shanye gaɓa duka,
ba Bukuru, ba hanya, ba mai bin mu bashi,
sai mu biyu da wata balbela mai ƙafa ɗaya a sama.
Ta nemi katantanwa irin ta hoton, ba ta samu ba,
sai baƙin yashi mai nauyi fiye da girmansa.
Ta juye ashanata a ƙasa,
ta cika kwalin da shi.

A hanyar dawowa ta ce,
“In na girma, ni zan kai ka wancan.”
Na ce, “To.”
Ta ƙara da cewa, “Da wannan za mu je,
Kaka ma ya ga inda ruwa ke ƙarewa.”
Chollom ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da tuƙi.
Ni kuwa na ɗora wa hazo laifin idona.